Shata ya tafi, amshi na nan: Wa ke riƙe waƙa bayan mai ita ya rasu?

A hutun da ya wuce mun halarci wani biki a Paki. Kamar yadda aka saba yanzu, an ɗauko mai DJ da manyan lasifikoki guda huɗu, ana ta sakin waƙoƙin finafinai, yara na tsalle cikin ƙura. Bayan isha'i sai mai ya ƙare a janareta. Wuri ya yi tsit. Kafin a dawo daga neman mai, wani dattijo da ke zaune a gefen tabarmar manya ya jawo kalangunsa, abokansa biyu suka matso kusa da shi, suka ɗauko wata waƙar Alhaji Mamman Shata.

Tsofaffin wurin suka gyara zama. Wata gwaggonmu da ba mu taɓa ganin ta yi liƙi ba ta kwance bakin zane. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne mu kanmu. Mu da aka haifa bayan Shata ya bar duniya, sai ga mu muna karɓar amshi ba tare da kowa ya koya mana ba. Ashe tun muna goye waƙar take shiga kunnenmu, daga rediyon Baba da kuma motocin hayar Ikara zuwa Zariya.

Abin da dattijon nan ya yi a ƙarƙashin fitilar waya, a wasu ƙasashe babban taro ake shirya masa. A ranar 25 ga Maris, 2022, Taylor Hawkins, mai gangar ƙungiyar Foo Fighters ta Amurka, masu irin kiɗan nan na jita mai ƙara da ake kira rok, ya rasu a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya yana da shekara 50. Ƙungiyar ta soke sauran wasanninta. Sai ranar 3 ga Satumba na shekarar suka hau dandali a filin wasa na Wembley da ke Landan, suka yi kusan awa shida suna kiɗa tare da abokan marigayin. Ba waƙoƙinsu kaɗai suka yi ba, har da na wasu ƙungiyoyin da marigayin yake ƙauna tun yana yaro, irin su Queen. Can wajen ƙarshe ɗansa Shane, mai shekara 16, wato sa'an 'yan aji biyar ko shida na sakandare, ya zauna a kujerar mahaifinsa ya buga ganga. Jagoran ƙungiyar, Dave Grohl, a wata waƙar kuka ne ya ci ƙarfinsa har ya ɗan dakata.

Mu a nan ba haka muke makoki ba. Idan mutum ya rasu, ko da sarkin makaɗa ne, a yi masa sutura, a yi salla, a zauna karɓar gaisuwa, a yi addu'a. Ba mai kawo ganga gidan rasuwa. Namu tunawar daga baya take zuwa, kuma ba ta da rana guda. A bikin aure take fitowa, ko a wasan Salla, ko wajen naɗin sarauta, lokacin da waɗanda suka tsaya a bayan mawaƙi shekara da shekaru suka sake ɗaukar kayan kiɗa babu shi.

Shata, haifaffen Musawa a Jihar Katsina, ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999 a Kano, aka binne shi a Daura. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa direbobi, 'yan kasuwa, sojoji da manoma. Amma duk wanda ya kalli tsohon bidiyonsa da kyau zai ga ba shi kaɗai ba ne a fili. Ga masu kalangu sun jeru, ga 'yan amshi, ga sanƙira yana kirari yana gabatar da masu kyauta. Shata ya jefa ɗa, su karɓa da amshi, a cikin wannan ɗan numfashin ne yake shirya ɗan da zai biyo baya. Masu kalangu kuwa, ta hanyar matse igiyoyin gangar a hammata da sassauta su, suna ɗaga sauti suna sauke shi daidai da hawa da saukar muryar Hausa, har mai saurare ya ji kamar gangar ce ke faɗin kalmomin.

Wannan yana nufin rabin waƙar tun asali a hannun mutanen baya take. Ranar da jagora ya faɗi, su ne suka san inda kiɗa ke juyawa, da inda ake dakatawa a bar kalangu ya yi magana. Shi ya sa bayan rasuwar Shata kiɗan bai tsaya ba. Ɗansa Sanusi yana cikin waɗanda suka ci gaba da rera waƙoƙinsa a gaban jama'a, haka nan masu kalangu da yawa a ƙasar Katsina da Kano da Zazzau waɗanda ba su haɗa jini da shi ba.

Gadon kiɗa irin wannan tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, da amshi ya fara a bayan mahaifinsa, sannan a bayan yayansa Kurna, kafin ya zama jagora. Har sunan da duniya ta san shi da shi ma daga wani ɗan amshin mahaifinsa mai suna Ƙwairo ya samo shi, saboda zaƙin muryarsu ya zo ɗaya. Da ya rasu, 'ya'yansa suka ci gaba da kiɗan kotso na gidansu. Ɗan amshin yau shi ne jagoran gobe, haka sarƙar take tafiya.

Sai ku kwatanta da Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015. Shi kaɗai yake zama da kuntiginsa, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, shi ne mai waƙa, shi ne mai kiɗa. Waƙoƙinsa irin su ta Karen Mota suna nan a faifai da wayoyi, muna jin su. Amma yaushe rabon da ku ga wani ya zauna a gaban jama'a da kuntigi yana rera su? Mu dai ba mu taɓa gani ba a yankinmu.

Wani zai ce to mene ne abin damuwa, tunda muryar tana cikin memori, kuma ta fi ta kowane mai kwaikwayo daɗi? Mu ma da haka muke gani, kafin daren nan na Paki. Abin da muka lura shi ne, faifai ya kama rana ɗaya ce kawai. Shata kuwa an san shi da ƙirƙirar waƙa nan take a fili. Bakandamiyarsa, wadda yake wasa kansa a ciki, ba iri ɗaya ba ce: ya yi ta sau da dama, kowane karo da abin da ya ƙara ko ya rage, gwargwadon wuri da mutanen da ke gabansa. Lasifikar DJ ba ta san wa ya shigo fili ba. Dattijon nan kuwa da ya hango kawun ango, manomin rake daga wajen Maƙarfi, sai ya saƙa sunansa da sana'arsa a cikin waƙar, wuri ya ɗauki shewa. A ganinmu wannan ya fi kusa da abin da Shata yake yi, fiye da kunna muryarsa sau dubu.

Sai dai ba duk mai rera waƙar mamaci ne yake girmama shi ba. Akwai masu ɗaukar karin waƙar tsofaffin mawaƙa su kai situdiyo, su ɗora kiɗan fiyano, su sauya 'yan kalmomi, su sake ta a TikTok da YouTube da sunansu, ko ambaton mai ita ba sa yi. Yaro ɗan aji uku ya ji ya ɗauka sabuwa ce. Wannan ba tunawa ba ce, cin gumin mamaci ne. Kuma doka ba ta yi shiru a kai ba. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu. Ku yi lissafi: na Shata sai ƙarshen 2069, lokacin da yawancinmu mun yi jikoki in da rai. Ba muna cewa mai kalangun ƙauye ya nemi takarda kafin ya yi wa amarya kiɗa ba ne. Amma wanda zai sayar, ko ya tara kuɗi da ita a intanet, magada suna da magana a kai. A taron Wembley, kowace waƙa an san mai ita, kuma kuɗin da aka tara ƙungiyoyin taimakon mawaƙa aka ba. Dattijonmu na Paki ma, kafin ya buga gangar farko sai da ya ambaci sunan Shata ya ce Allah ya jiƙansa, jama'a suka amsa da amin.

A Legas akwai wani misalin da ya kamata ku sani. Da Fela Kuti ya rasu ranar 2 ga Agusta, 1997, ɗansa Seun yana da shekara 14 kacal. Shi ya shiga gaban ƙungiyar mahaifinsa, Egypt 80, tare da tsofaffin makaɗan da wasunsu sun haife shi. Da waƙoƙin uban ya fara, daga baya ya yi nasa, yanzu yana zaga duniya da ƙungiyar. 'Yar Fela kuma, Yeni, ta kafa bikin Felabration a 1998, ana yin sa duk watan Oktoba, mawaƙa manya da ƙanana suna hawa dandali. Duk shekara matasan Legas suna da mako guda da za su ji kiɗan Fela daga hannun masu rai.

Mun san a gidaje da yawa a nan, yaro ya ce zai koyi kalangu faɗa ne zai tashi. Wasu iyayen suna kallon abin a matsayin roƙo, wasu suna da dalilinsu na addini, kuma ba mu zo raba ɗa da umarnin iyayensa ba. Amma ku duba littafin Hausarku: waƙoƙin baka suna cikin abin da ake tambaya a jarrabawar kammala sakandare. Muna haddace sunayen Narambaɗa da Jankiɗi da Shata da Barmani Choge don mu ci maki, alhali mutumin da zai iya nuna mana yadda amshi ke haɗuwa da kiɗa yana zaune a bayan kasuwar garinmu. Ƙungiyar Hausa ta kowace makaranta a Ikara, Maƙarfi ko Hunkuyi za ta iya neman izinin shugaban makaranta ta gayyato irin wannan dattijo ranar al'adu, ya yi kiɗa, ɗalibai su yi masa tambayoyi, a rubuta abin da ya faɗa. Kuɗin mota da ɗan goro ne kawai.

Washegarin bikin mun je gaishe shi. Muka tarar da shi a zaure yana ɗaure igiyar kalangun da ta saki. Ya shaida mana bai taɓa yi wa Shata amshi ba, sau biyu kawai ya gan shi ido da ido a Zariya, sauran duk daga kaset ya koya, da kuma bin wani maigidansa da ya riga mu gidan gaskiya. A cikin su biyar da suke yawon biki tare, uku ne suka rage. 'Ya'yansa maza babu wanda ya ɗauki ganga: ɗaya yana acaɓa, ɗaya yana gyaran waya a Kaduna. Mun roƙe shi ya sake yi mana waƙar daren jiya mu ɗauka a waya. Ya yi dariya ya ce ba ta yiwuwa sai da masu karɓa. Sai muka ajiye wayar a kan turmi, mu huɗu muka zauna a bayansa muka yi masa amshi.