Shin Ko Kun San? Danshi da Fumfuna a Gidan Haya

Shin ko kun san fumfuna ba ta buƙatar mako guda kafin ta kama wuri? Kwana ɗaya zuwa biyu na jiƙa ya ishe ta. Ƙwayoyinta suna yawo a iskar kowane ɗaki, har wanda ake sharewa safe da yamma, laima kawai suke jira. Shi ya sa takalmin fata da aka tura ƙarƙashin gado a tsakiyar Agusta, ranar Juma'a a jawo shi a tarar ya yi furfura.

Shin ko kun san a Ingila akwai dokar da ke ɗauke da sunan yaro ɗan shekara biyu saboda fumfuna? Awaab Ishak, ɗan garin Rochdale, ya rasu a watan Disamba na 2020, kwana takwas bayan ya cika shekara biyu. Iyayensa 'yan asalin Sudan ne, suna haya a gidan wata hukumar gidaje. Tun 2017 mahaifinsa ya kai ƙorafin baƙin da ke cin bango, aka ce masa ya shafe shi da fenti. Ya shafa, baƙin ya dawo. Banɗakin ba shi da taga, fankar zuƙe tururi ba ta aikin kirki, amma ma'aikatan hukumar suka ɗora laifin a kan yadda iyalin suke rayuwa, har da zaton wanka da bokiti ne ke jiƙa gidan, ba tare da sun tambaye su ba. A Nuwamban 2022 binciken kotu ya tabbatar da cewa daɗewar shaƙar fumfuna ce ta lalata masa numfashi. An kori shugaban hukumar. Dokar Awaab ta fara aiki a Oktoban 2025: idan ɗan haya a irin waɗannan gidaje ya kai ƙarar danshi mai haɗari, dole a bincika cikin kwana 10 na aiki, abin gaggawa kuwa cikin awa 24.

"A shafa fenti." Wannan maganar ba ta Turawa kaɗai ba ce, duk wanda ya taɓa bin dillali duba gida ya san ta. Fenti ba ya kashe fumfuna, lulluɓe ta yake yi, kuma a kan bango mai jiƙa ba ya daɗewa zai kumbura ya ɓare.

Shin ko kun san bango da kansa yana faɗin inda ruwan ya fito? In jiƙar daga ƙasa ta taso ta tsaya wajen ƙugu, kimanin mita ɗaya, fenti na zubowa da farin gari kamar gishiri, to bulo ne ke tsotso ruwan ƙasa. Farin garin ma gishirin ne da gaske, wanda ruwa ya kwaso ya bari bayan ya bushe. Maganinsa shimfiɗar hana ruwa da ake sawa a tushen gini, wato DPC. Magina kan ce "gini ya kai DPC", amma sau da yawa sunan kawai ake kaiwa, ledar ba a sa ta ba. In kuwa tabo ne mai zagayen ruwan ƙasa-ƙasa a silin, ko jiƙa da ke faɗaɗa bayan kowane ruwan sama, a duba kwano, indararo, tsagewar bango ko bututun da ya fashe. Duk waɗannan matsalar gini ce, ba ta mazauni ba.

Akwai na uku, gumin ɗaki, kuma a nan ɗan haya na da nasa kason. Lita ɗaya ta kananzir da ta ƙone a risho tana sakin kusan lita ɗaya ta ruwa a iska. Ƙara da tururin tukunya, wankin da aka shanya a igiya cikin ɗaki don gudun hadari, da numfashin mutum shida a ɗakin da aka kulle tagoginsa saboda sauro. Ruwan nan ba ya ɓacewa, bango mafi sanyi yake nema, galibi bayan kwaba ko kan gado. Ga gwaji mai arha: a manna leda mai kauri a bangon da salatif ta kowane gefe, a bar ta kwana biyu. Raɓa a waje, daga iskar ɗaki take. Raɓa a ciki, daga bango take, sai a kira mai gida.

Shin ko kun san Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da kundi guda a 2009 kan danshi da fumfuna a cikin gidaje kawai? Ta danganta su da tari, shessheƙa da tashin asma. Jarirai, tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki su suka fi shan wuya. Yaron da tarinsa ke lafawa in ya je hutu gidan kaka, ya dawo da shi in ya dawo gida, a duba bayan katifarsa.

Wajen gogewa kuma akwai ganganci. Kankare fumfuna a bushe watsa ƙwayoyinta ne cikin hanci. A jiƙa tsumma da ruwan sabulu, a rufe hanci, a buɗe taga, a busar da wurin sosai. Kada a kuskura a haɗa ruwan bilic da ruwan wanke masai mai asid wai don ya ƙara ƙarfi, haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Tayil da ƙarfe suna goguwa. Katifa, kafet da kwali da fumfuna ta shige su, sai dai haƙuri.

Buhun masara ko gyaɗa da aka jingina a bango mai sanyi ya fi bangon haɗari. Wata fumfunar tana haifar da gubar aflatoksin mai cin hanta, wadda dahuwa ba ta kawar da ita. A Kenya a 2004 masara mai irin wannan guba ta kashe mutum 125. A ɗora buhu a kan katako, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, haka ma kwaba.

Shin ko kun san dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ɗora gyaran wajen gini da wuraren tarayya a kan mai gida? Amma wanda ya riga ya zube kuɗin shekara, bakinsa ya yi rauni. Don haka a ɗauki hoton bango ranar tarewa, a kai ƙorafi a rubuce ko da ta WhatsApp ne, kuma kada a cire kuɗin gyara daga na haya sai da yardar mai gida a rubuce. Gidan da aka gani da rani bai nuna halinsa ba tukuna. Mai iya jira ya je dubawa washegarin ruwa mai ƙarfi, ya shaƙi ɗakin kafin a buɗe taga, ya tambayi dillali dalilin da ya sa rabin bango na ƙasa kaɗai ke da sabon fenti.