Yadda A Ke Gwada Ruwan Tafki

Mutane da yawa suna tsammanin in ruwa ya yi garau, to, lafiyayye ne. Wannan kuwa kuskure ne, domin ƙwayoyin cuta ba su ganuwa sai da madubin likita.

A jihar Bajiniya ta ƙasar Amurka akwai wani tafki da a ke kira Anna. Ba na Allah ba ne, datse kogi aka yi, aka tara ruwan don sanyaya injunan wutar lantarki. Jama'a kuwa suka mai da shi wurin iyo da yawo cikin kwalekwale. A ƙarshen watan Mayu na 2024 aka yi hutu, mutane suka cika wurin. Ba a daɗe ba mutum 25, yawancinsu yara, suka kamu da ciwon ciki da zawo, har ƙodar waɗansu ta taɓu.

To, ƙaƙa a ke gane ruwa irin wannan? Ba shi yiwuwa a bi kowace cuta ɗai ɗai. Saboda haka a kan nemi wata ƙwaya mai suna E. coli, wadda wani likita Bajamushe, Theodor Escherich, ya gano cikin 1885. Mazauninta hanjin mutum da na dabba. Yawancin irinta ba su da lahani, amma in an same ta da yawa a ruwa, lalle kashi ya shiga, watau mai yiwuwa ne cututtukan da ke bin kashi su ma suna nan.

Ma'aikacin tsabta ya kan ɗebi ruwan cikin kwalbar da aka kashe ƙwayoyinta, ya sa cikin ƙanƙara, ya gaggauta kai shi ɗakin gwaji. A can a tace mililita 100, a ɗora matacin bisa abincin ƙwayoyi, a ajiye wuri mai ɗumi kwana guda. Kowace ƙwaya sai ta hayayyafa ta zama ɗigo, sa'an nan a ƙidaya. Cikin 1986 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade kada matsakaicin lissafin ya wuce 126 a ruwan da a ke iyo.

Amma gwajin yana da iyaka. Amsa ba ta fitowa sai gobe, ruwa kuwa yana sakewa kullum, balle bayan ruwan sama ya kwaso ƙazantar gonaki da makiyaya. Da aka gwada Anna cikin Yuni, lissafin bai kai na haɗari ba, ga shi kuwa an riga an kamu. Shi ya sa a ke maimaita gwaji a kai a kai.

Mu da za mu zama malamai, ya kamata mu koya wa yara abu uku: kada su haɗiyi ruwan da su ke iyo ciki, kada mai zawo ya shiga, kada kuma a yi iyo bayan an yi ruwa mai yawa. Riga-kafi ya fi magani.