Shayi uku, tumbi da ciwon sukari a Agadez

A Agadez baƙo ba ya tashi sai ya sha kofin shayi na uku, kuma kowane zagaye da nasa sukari. Wanda ke zama majalisa safe, hantsi da dare, ga taliya ko makaronin Aljeriya da rana, ga shinkafa da mai da yamma, yana loda wa jikinsa abin da ba zai iya ƙonawa ba. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau sukarin da babba ke ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce gram 25 a rana, wato ƙananan cokula 6. Gwangwanin lemu ɗaya mai santilita 33 yana da kusan gram 35, tun ba a ɗora buta a gawayi ba.

Inda abin ke zama haɗari shi ne in ya haɗu da tumbi. Sinadarin insulin ne ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Kitsen da ya taru a ciki da hanta yana sa jiki ya daina jin insulin, sai sashen da ke samar da shi ya yi ta ƙara aiki har ya gaza. Shekaru ake ɗauka ba ciwo ba zazzaɓi, kafin ƙishirwa da yawan fitsarin dare su bayyana; wani ma sai gyambon ƙafa ya ƙi warkewa ko ido ya dushe. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ke da cutar a Afirka, fiye da rabinsu ba su sani ba.

Za a ce ai iyaye da kakanni sun sha shayi, sun ci dabino, ba abin da ya same su. To, shayin kansa bai kai tsufan da ake zato ba, domin tsakanin ƙarni na 19 da na 20 ya bazu a Sahara. Sannan wanda ya bi ayarin gishiri zuwa Fachi da Bilma, yana jan raƙumi makonni cikin Tenere da furar gero da cuku, duk abin da ya ci ya ƙone shi a hanya. Jikansa yana zaune a shago, kasuwa ma sai a kan kabu-kabu. Wasu kuma su ce gado ne. Gadon gaskiya ne, amma wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa masu ƙiba da ke bakin kamuwa, da aka sa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin ya ragu da kashi 58 cikin ɗari.

Abin da ya fi wuyar kawarwa shi ne ɗaukar ƙiba a matsayin shaidar hutu, har wasu mata na haɗiyar ƙwayoyin sha-ka-fashe irin su dexamethasone, alhali ƙwayoyin kansu suna ɗaga sukarin jini. Batun tsada kuwa, rage sukarin buta ba ya cin ko dala, gero da wake da zogale ba abincin attajirai ba ne, albasa da tumatir kuma daga lambunan Abzin suke saukowa. Namijin da kewayen cikinsa ya kai santimita 94, ko mace 80, ya kamata su je awon jini da safe kafin karin kumallo. In awo biyu suka nuna gram 1.26 a lita ko fiye, ciwon sukari ne, sai a bi ta hannun likita.