Wa Zai Adana Hoton Tukunyarmu?

A shekarar 2005, mai ɗaukar hoto Peter Menzel da marubuciya Faith D'Aluisio suka wallafa littafin Hungry Planet. Sun ziyarci iyalai 30 a ƙasashe 24, suka ɗauki kowane iyali tare da abincinsa na mako guda. Wani iyali a Jamus ya kashe kimanin dala 500. 'Yan gudun hijirar Darfur a sansanin Breidjing na gabashin Chadi kuwa, cefanensu bai kai dala 2 ba, sauran duk tallafi ne. Gani ya kori ji.

Sai dai abin da ke damuna shi ne, baƙon mai kyamara yakan tuna da yankinmu ne lokacin fari ko yaƙi. Idan hotunansa kaɗai suka saura, jikokinmu za su ɗauka yunwa ce kawai tarihinmu.

Muna da abin koyi a gida. Tun 1968 marigayi Okhai Ojeikere ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya, har ya tara hotuna kusan dubu, kuma yau manazarta na komawa gare su. Ina irin wannan aiki a kan dambu, fate, fura da shanyar kilishi? Hoton waya yana tafiya da wayar, littafi kuwa yakan zauna a ɗakin karatu.

Don haka nake kira ga jami'o'inmu da kamfanonin ɗab'i su ɗauki nauyin matasan masu ɗaukar hoto, tun tsofaffin da suka iya girkin suna raye.