Sabuwar ƙungiya: shirun makon farko ba yarda ba ne

Kowace sabuwar ƙungiya da ladabi take farawa. Kowa na cewa "to", kowa na kallon bakin shugaba. A shekarun da na yi ina horar da ƙungiyoyin asusu na mata a karkarar Maraɗi, wannan ladabin ne na fi tsoro, domin sau da yawa ba a gane aikin ba, kunya ce kawai ta hana tambaya.

Masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Bruce Tuckman, ya bayyana a 1965 cewa ƙungiya kan bi matakai huɗu: haɗuwa, saɓani, daidaituwa, sannan aiki gadan-gadan. A matakin haɗuwa nauyin yana wuyan shugaba. Ba lokacin "ku yi yadda kuka gani" ba ne, lokaci ne na fayyace manufa da rabon aiki.

Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta soma a Nijar a 1991, ya nuna yadda ake yi. Kafin dala ɗaya ta shiga akwati, mambobi su ke tsara dokokinsu da bakinsu: nawa ne zubin mako, nawa ne tarar makara, wa ya cancanci bashi, yaushe zai biya. Akwatin kan ɗauki kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku dabam, ita kuma mai ajiyar akwatin ba ta riƙe ko ɗaya. Ke nan ba a jira amana ta zo da kanta ba, an yi mata shinge tukuna.

Abin da nake gaya wa kowace sabuwar shugaba shi ne: ki sa kowace mace ta maimaita dokar da bakinta, ki fara jin ra'ayin ƙanana kafin manya su yi magana, don in uwargida ta furta, amarya ba za ta musa ba.

Rigima kuwa tana tafe, galibi ranar da aka fara neman bashi kuma kuɗin bai isa kowa ba. Ƙungiyar da ta kafa doka tun farko takan koma gare ta a sasanta. Wadda aka gina kan kunya kuwa, a nan take watsewa, kuɗin mata ya maƙale, zumuncin unguwa ya lalace.