Labarin Ruwan Gishiri da Sukari

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, a damanar bara, sa'ad da aka rarraba mu ƙauyuka don mu gwada aikin koyarwa, an sauke ni a gidan wani dattijo manomi. Ran nan da dare sai jikansa, yaro ɗan wata goma, ya kamu da zawo. Da gari ya waye na ji kakar yaron tana ce wa uwarsa, "Haƙori ne zai fito. Kada ki ba shi ruwa, in kin ba shi ta ƙasa zai zube." Uwar ta bi maganar surukarta, don kuwa a ido maganar tana da kan gado: wa zai yi ta ɗura ruwa a tulun da ke yoyo? Kafin la'asar idanun yaro sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa, yana kuka babu hawaye. Aka yi sa'a malamin asibitin ƙauyen yana gari. Ya zo da wani farin gari cikin 'yar leda, ya jiƙa, ya ce a riƙa ba yaron da cokali. Kashegari yaro ya kama nono. Ni kuwa kunya ta rufe ni, don ga shi ana kirana Malam, amma na kasa gaya wa tsohuwar inda maganarta ta kauce. Abin da na bincika tun daga ran nan shi nake so in shimfiɗa muku.

Da farko ku sani jikin babban mutum wajen kashi 60 cikin 100 ruwa ne, na jariri kuwa ya kai wajen kashi 75. Wannan ruwa akwai gishiri narke a cikinsa, kowa ya ɗanɗani hawaye ko gumi ya shaida haka. Kowace rana ruwan da ke bi ta hanjin babban mutum ya kai wajen lita 9. Kamar lita 2 ce kaɗai ya sha ko ya ci cikin abinci, sauran jiki ne ya zubo su, watau miyau da ruwan ciki da na maɗaciya da makamantansu, don su narkar da abinci. Hanji kuma sai ya tsotse kusan duka ya mayar cikin jini, abin da ke fita tare da bayan gida bai kai cikin kofi ɗaya ba. To, zawo shi ne lalacewar wannan lamuni: jiki ya ba da ruwa, hanji ya kasa biya. Mai kwalara mai tsanani yana iya zubar da lita guda cikin sa'a guda. In ruwa ya ragu jini sai ya yi kauri, ƙoda ta daina yin fitsari, zuciya ta rasa abin da za ta tura. Wannan bushewa ita ke kashe yawancin masu zawo, kuma ta fi saurin kashe yara don ajiyarsu kaɗan ce.

Yaya hanji ke tsotsar ruwa? Ga gwajin da kowa zai iya yi a madafa. Yanka albasa, ka barbaɗa mata gishiri, ka bar ta jim kaɗan, za ka ga ruwa ya tsattsafo. Dokar ita ce, in akwai fata mai laushi tsakanin ruwa biyu, ruwa yakan ratsa ta ya tafi gefen da gishiri ko sukari ya fi yawa. Hanji da wannan doka yake aiki. Shi ba ya da guga da zai ɗebi ruwa, sai ya ja gishiri zuwa cikin jini, ruwa kuma ya bi sawun gishirin.

Gishirin miya abu biyu ne a haɗe, masana ilmin sinadarai suna kiransu sodiyam da kuloraid, in ya narke a ruwa sai su rabu. A bangon ƙaramin hanji akwai ƙofofi ƙanana ƙwarai, waɗanda ko madubin likita na kullum ba ya nuna su, ta nan sodiyam ke shiga. Dafin ƙwayar cutar kwalara yakan toshe waɗansu ƙofofin, ya kuma sa bangon hanji ya yi ta fesar da gishiri da ruwa waje. Shi ya sa ruwan gishiri zalla ba ya amfanin mai wannan ciwo. Amma akwai ƙofa ɗaya da dafin ba ya rufewa, kuma tana da sharaɗi irin na mai gadin fada: sodiyam ba ya wucewa sai ya zo da abokin tafiya, abokin kuwa shi ne gulukos, wani nau'in sukari. Sodiyam biyu da gulukos ɗaya suke shiga tare, ruwa ya biyo bayansu. Sukarin shayi ma yana yi, don hanji yakan fasa shi gida biyu, ɗaya gidan gulukos ne. Ashe tulun nan mai yoyo yana da wani bakin da yake sha ta nan, muddin an ba shi abin da bakin ke karɓa.

Wannan sani bai samu rana ɗaya ba. A 1832 wani likitan ƙasar Sikotilan, Thomas Latta, ya fara zuba wa masu kwalara ruwan gishiri ta jijiya, wannan ne asalin ƙarin ruwan da muke gani a asibiti. Amma ƙarin ruwa yana bukatar allura da ruwa mai tsabta ƙwarai da gwanin da zai sa, talakan ƙauye kuwa ina zai same su? A 1960 wani masani Ba'amurke, Robert Crane, ya bayyana yadda sodiyam da gulukos ke shiga tare. A 1968 likitoci biyu, David Nalin da Richard Cash, suka gwada abin ga masu kwalara a birnin Daka, suka ga shan wannan ruwa ya rage bukatar ƙarin ruwa da wajen kashi 80 cikin 100. Babban gwaji ya zo a 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, da mutane suka yi gudun hijira zuwa Indiya, kwalara ta faɗa musu. A sansanin Bangaon ruwan jijiya ya ƙare wa wani likita Ba'indiye, Dilip Mahalanabis, sai ya haɗa gishiri da gulukos a cikin duro, ya sa 'yan'uwan marasa lafiya su riƙa ba su da kofi. Mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. A 1980 zawo yana kashe yara ƙanana fiye da miliyan 4 kowace shekara a duniya, yanzu ba su kai rabin miliyan ba. Ruwan sha mai tsabta da allurar rigakafi sun taimaka, amma wannan ruwa yana cikin manyan dalilai.

To, ga yadda ake yi. Mafi kyau shi ne garin da ake samu a asibiti da kantin magani, don ban da gishiri da gulukos akwai fotashiyam a cikinsa, wanda shi ma zawo ke kwashewa. A karanta yawan ruwan da aka rubuta jikin ledar, a bi shi daidai. In babu, a sami ruwa lita guda, tafasasshe wanda ya huce, a zuba gishiri rabin cokalin shayi da sukari cokali 6, kowane cokali a shafe bakinsa, ba tsororuwa. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Awo a nan shi ne magani. In gishiri ya yi yawa yana iya sa yaro jijjiga. In sukari ya yi yawa kuwa dokar albasan nan ce za ta juyo kanmu, sukarin da ya taru a hanji ya jawo ruwa daga jini, zawo ya ƙaru. Don haka lemon kwalba bai dace da mai zawo ba.

Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, kaɗan-kaɗan da cokali. Wanda ya fi haka, rabin kofi zuwa kofi guda. In ya yi amai a dakata minti 10, sa'an nan a ci gaba a hankali. Kada a janye nono, kada a hana abinci. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa da ƙwayar zinki har kwana 10 zuwa 14, don tana gajarta ciwon, tana kuma rage dawowarsa. Ku sani kuma wannan ruwa ba ya tsai da zawo nan take, aikinsa ya riƙe ran yaro har jiki ya kori cutar. Amma in aka ga jini a bayan gida, ko yaro ya kasa sha, ko ya yi laƙwas ba ya farkawa sosai, ko aka tsunkuli fatar cikinsa ta daɗe ba ta koma ba, to a garzaya asibiti, ana tafiya ana ba shi.

'Yan'uwa, ba da daɗewa ba za a watsa mu garuruwan da malamin makaranta ya fi likita kusa. Tsohuwar nan ba mugunta ta sa ta hana ruwa ba, son jikanta ne, dalili ne kurum ba a taɓa kawo mata ba. Shawarata ita ce kowannenmu ya keɓe darasi ɗaya kafin damana, ya kai albasa da gishiri da sukari da cokali cikin aji, ya sa yara su auna da hannunsu har su iya. Yaron da ya iya zai kai gida, kuma a gidan akwai ƙane ko ƙanwa a goye. Haza wassalam.