Yadda Za Mu Sa Janareta Ya Tashi Da Kansa

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu da yawa sun haɗa kuɗi sun sayi faifan sola da batir da inbata, domin firjin allurar rigakafin kaji da injin ƙyanƙyasa. Amma a watan Agusta hadari yakan rufe rana kwana biyu ko uku, haka kuma hazo da hunturu. Sai batir ya ƙare da tsakar dare, ba wanda ya sani. Allura kuwa tana bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8, ƙwai kuma yana bukatar ɗumi na kwana 21. Dare ɗaya ya isa ya jawo wa ƙungiya babbar hasara.

Inbata da yawa suna da wurin ɗaura waya biyu zuwa janareta. Idan batir ya yi ƙasa, inbata takan haɗa wayoyin nan, janareta ya tashi. Amma janaretan da ake ja da igiya ba zai yi ba, sai wanda aka ƙera domin wannan aiki. Mu sa mai gyara ya daidaita mana abu huɗu.

Na fari, lokacin tashi. Batir mai ruwa kada ya sauka ƙasa da rabi, in ba haka ba zai mutu da wuri. Na litiyam yana jurewa har saura kashi 20 cikin ɗari.

Na biyu, jinkiri. Sa'ad da firji ko famfo ya tashi, ƙarfin batir yakan faɗi na ɗan lokaci. Mu sa inbata ta dakata minti biyu ta tabbata, kada janareta ya riƙa tashi a banza.

Na uku, lokacin tsayawa. Ya tsaya idan batir ya kai kashi 80 ko 90. Ragowar tana shiga a hankali ƙwarai, mai kuwa yana ƙonewa. Mu bar wa rana wannan, gama ita ba ta karɓar kuɗi.

Na huɗu, nauyin kaya. Kada cajin batir da sauran kaya su wuce kashi 80 na ƙarfin janareta. A ba shi minti biyu ya yi ɗumi kafin ya ɗauki kaya, minti uku kuma ya huce kafin ya mutu.

Lalle mu tuna, injin da yake tashi da kansa ba ya sallama. A kashe maɓallin nan kafin kowa ya sa hannu a cikinsa. A ajiye shi a rumfa waje, nesa da inda ake kwana, domin hayaƙinsa yana kisa. Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum ɗaya wanda zai duba mai da baƙin mai kowace Asabar, ya tashe shi na minti ashirin, ya rubuta a littafi. Tankin da ba mai a ciki, ko inbata ta kira sau goma, ba zai amsa ba.